Tiramol da Ƙwaƙwalwa: Abin da Ɓeran Gwaji Ya Faɗa game da Ƙwayar da Ke Yawo a Malanbil

Tsakure

Wannan maƙala ta waiwayi gwaje-gwajen da aka yi a kan ɓeraye da birai domin gano yadda magungunan kashe zafi dangin mofin ke sauya sinadaran ƙwaƙwalwa da halin mai rai, sannan ta auna sakamakon da ƙwayar tiramol da ake sha a Malanbil da sauran garuruwan bakin iyakar Benin da Nijar da Nijeriya. Matsayin maƙalar shi ne ɓeran gwaji ya faɗi gaskiya a kan yadda ƙwayar ke kama mai shanta, sai dai galibi an yi masa tambayar ne yana cikin hutu da ƙoshi da sanyin ɗaki, alhali mai shanta a nan yana haɗiye ta ne cikin gajiya da yunwa da zafin rana, kuma da ƙarfin da ya ninka abin da likita ke rubutawa.

Gabatarwa



Malanbil tana gaɓar Kogin Kwara, a jihar Alibori ta arewacin Jamhuriyar Benin, tana kallon Gaya ta ƙasar Nijar, kuma Kamba ta jihar Kebbi ba ta da nisa da su. Nan ne hanyar da ta taso daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano, tafiyar fiye da kilomita 700, take ƙetare gada. Kasuwar garin tana cikin mafiya girma a ƙasar, kuma da ƙarfin jikin mutane take tafiya: 'yan dako da ke sauke buhunan masara da albasa, masu turin amalanke, 'yan kabu-kabu, yaran mota, da manoman shinkafa na fadamar kogi. Da aka rufe gada bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, kaya da yawa suka koma kwale-kwale, wato buhun da a da mota ke wucewa da shi sai an sauke shi, an ɗora a ka, an loda a jirgi, an sake saukewa a ƙetare. A irin wannan aiki ne ake neman abin da zai kashe ciwon baya ya kuma kori barci, kuma a duk faɗin yankin nan an san sunan abin: tiramol. Wani ya haɗiya da ruwa, wani a narka masa a kofi.

A watan Disamba 2017 ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya bayyana cewa tiramol ɗin da ake kamawa a shekara a Afirka kudu da Sahara ya tashi daga kilo 300 zuwa fiye da tan 3 tun daga 2013, kuma mafi yawansa daga Indiya yake fitowa ya shigo ta tasoshin ruwa irin na Kwatano. Binciken da aka yi a Nijeriya a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 suna shan magungunan dangin mofin ba da umarnin likita ba. Likita kan rubuta miligiram 50 ko 100, ba ya kuma yarda a wuce 400 a yini. Wadda ake sayarwa a bayan fage kuwa ƙwaya ɗaya kan zo da 120, ko 200, ko 225, har 250. Biyu daga cikin masu 225 sun riga sun haura iyakar yini guda.

Yadda aka gano inda ƙwaya ke kamawa

A 1954 James Olds da Peter Milner na Jami'ar McGill a Kanada suka dasa siririyar waya a ƙwaƙwalwar ɓera, suka haɗa ta da wani maɓalli da ɓeran zai iya dannawa da kansa ya samu ɗan tartsatsin lantarki. Idan wayar ta dace da wasu wurare, sai ɓeran ya yi ta dannawa ba ƙaƙƙautawa. Daga nan aka fahimci akwai wata hanya a ƙwaƙwalwa da aikinta shi ne ta sa mai rai ya maimaita abin da ya yi. A 1962 James Weeks ya sauya lantarkin da mofin: ya sa wa ɓera siririn bututu a jijiyar wuya, duk dannawa ɗaya mofin ya shiga jini. Ɓerayen da suka saba suka ci gaba da yi wa kansu allurar, idan kuma aka rage ƙarfin abin da ke shiga, sai su ƙara yawan dannawa.

A 1973 Candace Pert da Solomon Snyder a Jami'ar Johns Hopkins, da wasu masana a New York da Uppsala, suka tabbatar da cewa a jikin jijiyoyin ƙwaƙwalwa akwai makarɓai na musamman da mofin ke maƙalewa. Bayan shekara biyu John Hughes da Hans Kosterlitz a Aberdeen suka ciro sinadaran enkefalin daga ƙwaƙwalwar alade, wato jiki yana da nasa mai kashe zafi da aka halicci makarɓan dominsa. Mafi muhimmanci a cikinsu ga batunmu ita ce makarɓar miyu. A 1996 ɗakin binciken Brigitte Kieffer a Strasbourg ta Faransa ya samar da ƙananan ɓeraye da aka cire musu wannan makarɓa tun daga halitta. Aka ba su mofin, bai kashe musu zafi ba, ba su nuna sha'awarsa ba, da aka yanke shi kuma ba su wahala ba. Wannan sakamako yana da nauyi ƙwarai, domin ya nuna sauƙin ciwo da daɗi da jaraba duk ta ƙofa ɗaya suke shigowa.

Ta yaya daɗin ke samuwa? A 1988 Gaetano Di Chiara da Assunta Imperato a Cagliari ta Italiya suka zura siririn bututu a wani gurbi na ƙwaƙwalwar ɓera da ake kira akumbens, ɓeran yana yawonsa a keji, suna tatsar ruwan wurin suna aunawa. Da mofin ya shiga sai sinadarin dofamin ya ƙaru. A 1992 Steven Johnson da Alan North suka bayyana dalilin. Jijiyoyin da ke fitar da dofamin suna da wasu maƙwabta masu fitar da sinadarin GABA da ke taka musu birki. Mofin ba ya ingiza jijiyoyin dofamin kai tsaye, birkin yake kashewa, su kuma su kwasa a guje. Dofamin ɗin nan shi ke koya wa ƙwaƙwalwa cewa abin da aka yi yanzu a sake yin sa, tare da wurin da aka yi shi da lokacin da mutanen da ke kusa.

Sabo da azabar rabuwa

Ƙwaƙwalwa ba ta zama ta zuba ido. A 1978 George Aghajanian na Jami'ar Yale ya saurari jijiyoyin wani ɗan gurbi a gindin ƙwaƙwalwar ɓera mai suna lokus serulus, inda sinadarin noradirenalin mai sa farkawa da shirin ko-ta-kwana ke fitowa. Mofin na farko ya kwantar da su. Da aka ci gaba da ba da shi kullum, sai suka koma bugawa kamar da, ko da maganin yana jiki. Da aka toshe shi farat ɗaya da nalokson, maganin da ke rushe aikin mofin, sai suka yi ta bugawa fiye da ƙima. A ido kuwa ga abin da ake gani a keji: ɓera yana karkaɗe jiki, haƙoransa na kaɗawa, yana zawo, fatar idonsa ta sauko, nauyinsa ya ragu cikin sa'o'i, ƙananan ɓeraye kuma su yi ta tsalle suna neman fita. Duk wanda ya zauna da saurayin da ya wayi gari bai samu ƙwaya ba ya san kwatankwacin wannan: hamma, yoyon hanci, ciwon gaɓoɓi, murɗawar ciki, gumi, rashin barci da saurin fushi. A wannan mataki ba nishaɗi yake nema ba, so yake ya iya miƙewa ya je ya ɗauki buhu.

Sauyin yana kai wa ga sifar jijiyoyin kansu. A 1996 ɗakin binciken Eric Nestler ya nuna cewa ɓerayen da suka daɗe a kan mofin, jijiyoyinsu masu fitar da dofamin sun ƙanƙance da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. A 1999 Terry Robinson da Bryan Kolb suka samu raguwar ƙananan rassan da jijiyoyin akumbens ke karɓar saƙo da su, makonni bayan an daina ba da maganin. Saboda haka idan iyaye suka ce yaro ya daina jin daɗin abinci da hira da duk abin da yake so a da, maganarsu tana da tushe a cikin nama.

Ƙwaya mai aiki biyu

Kamfanin Grünenthal na Jamus ya haɗa tiramadol, wato tiramol, a 1962, ya fitar da ita kasuwa a 1977 da sunan Tramal. Ta sha bamban da mofin ta hanyar da ta shafi Malanbil kai tsaye. A 1992 Robert Raffa da abokan aikinsa suka auna ta da gwaje-gwajen zafi na ɓeraye, irin wanda ake haska wa wutsiya zafi a ƙidaya daƙiƙun da ɓera zai yi kafin ya fizge ta, da wanda ake ɗora shi a kan faranti mai ɗumi a ga lokacin da zai lashi ƙafa. Suka samu cewa nalokson, wanda ke rushe aikin mofin gaba ɗaya, wani sashe kawai na aikin tiramol yake rushewa. Sauran yana zuwa ne ta wata hanya dabam: ƙwayar tana hana jijiyoyi sake tsotse serotonin da noradirenalin bayan sun fitar da su, sai su taru. Haka wasu magungunan ciwon damuwa ke aiki. A 1998 masana a Jami'ar Cádiz ta Sifen suka sa ƙananan ɓeraye a tulun ruwan da ba mafita, gwajin da ake auna lokacin da dabba ke daina fafutuka ta tsaya cik. Waɗanda aka ba tiramol sun fi daɗewa suna iyo.

A ganina nan ne amsar tambayar da jami'an lafiya kan yi, wai me ya sa maganin da ya kamata ya sa barci ake shan sa don a yi aiki. Ɗan dako bai yi ƙarya ba da ya ce tana ba shi ƙarfi. Ciwon ya lafa, hankali ya farka, zuciya ta ɗan yi sanyi, duk a ƙwaya ɗaya mai araha. Ƙarfin tsoka dai bai ƙaru ba, saƙon gajiya ne aka toshe, jikin kuma yana ci gaba da lalacewa ba tare da mai shi ya ji ba. A 2002 Jon Sprague da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa tiramol ma tana ɗaga dofamin a akumbens, kuma ɓeran da aka saba ba shi ita a ɗaya daga cikin ɗakuna biyu na akwati yakan koma ya zauna a wannan ɗakin ko da babu magani. Idan aka yanke ta kuma azabar biyu ce. Wani nazarin rahotannin marasa lafiya a Amurka da aka buga a 2003 ya samu cewa kusan ɗaya cikin takwas na masu wahalar rabuwa da ita suna fama da firgici da ruɗewa da gane-gane, abin da ba a saba gani da mofin ba. A garuruwanmu irin wannan yaro wurin mai ruƙiya ake fara kai shi.

Sai farfaɗiya. Tiramol mai yawa tana sa jijjiga, kuma mai kabu-kabu da ta kama shi a kan titi ba shi kaɗai zai ji ciwo ba. A 2018 ɗakin binciken Bruno Mégarbane a Paris ya ba ɓeraye tiramol fiye da ƙima ya gwada makarai. Nalokson shi kaɗai ya farfaɗo da su amma ya ƙara jijjigar. Dayazefam, maganin kwantar da jijiyoyi, shi kaɗai ya tsayar da jijjigar amma ya ƙara danne su. Haɗin biyun ne ya fi dacewa. Wannan gwajin ɓera ne, ba umarnin jinya ba, amma ya isa ya sa likitan asibitin bakin iyaka ya yi hattara kada ya ɗauki mai tiramol daidai da mai hiroyin ko mai mofin.

Me ya sa aka daɗe ana cewa ba ta da haɗari?

Gwajin da Tomoji Yanagita ya yi wa birai a Japan a 1978 ya nuna jarabarta ba ta kai ta mofin ba, haka ma gwajin allura da aka yi wa mutane a Amurka a farkon shekarun 1990. Da irin waɗannan hujjoji ta shiga kasuwannin duniya ba tare da tsauraran dokoki ba. Amurka ba ta sa ta cikin magungunan da ake tsarewa ba sai 2014, Indiya sai Afrilu 2018, kwamitin masana na Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ya sake duba ta a 2018 bai ba da shawarar sa ta a ƙarƙashin dokar ƙasa da ƙasa ba.

Matsalar tana hanta. Tiramol da kanta ba ta kama makarɓar miyu da ƙarfi. Sai wani sinadarin hanta mai suna CYP2D6 ya sarrafa ta ya mai da ita wani abu da ake kira M1, wanda ke kama makarɓar da ƙarfin da ya ninka na uwar sau ɗaruruwa. Abin da aka haɗiya ta hanta yake fara bi kafin ya watsu a jini, abin da aka yi allurarsa kuwa ba haka ba. Ke nan gwajin allura bai nuna cikakken abin da mai haɗiya ke samu ba. Dabbobi ma sun bambanta: hantar kare ba ta samar da M1 sosai, har wani gwaji a Jami'ar Georgia a 2018 ya samu cewa tiramol ba ta sauƙaƙa wa karnuka ciwon gaɓoɓi ba. Mutane su ma haka. An samu kusan kashi 29 cikin ɗari na Habashawan da aka gwada a 1996 hantarsu tana sarrafa irin waɗannan magunguna da sauri fiye da ƙima, yayin da wani nau'in sinadarin mai rauni, wanda aka fara bayyanawa a Zimbabuwe, ya yawaita a tsakanin baƙar fatar Afirka. Abokai biyu za su sha ƙwaya iri ɗaya a teburin mai shayi ɗaya, ɗaya numfashinsa ya danne, ɗayan ya faɗi yana jijjiga.

Wuri, yunwa da zumunci

Gwaje-gwajen da suka fi kusa da rayuwar bakin iyaka su ne waɗanda suka duba halin da dabba ke ciki. A 1982 Shepard Siegel na Jami'ar McMaster ya saba wa ɓeraye da hiroyin a wani ɗaki, sannan ya ba su mai yawa. Cikin waɗanda ba su taɓa sha ba kashi 96 cikin ɗari suka mutu. Cikin waɗanda suka saba aka kuma ba su a ɗakin da suka saba, kashi 32. Waɗanda suka saba amma aka ba su a baƙon ɗaki, kashi 64. Jiki yana shirya wa ƙwaya idan ya ga alamun da ya sani, idan babu su sai ta same shi ba shiri. A tuna da direba ko yaron mota da ke kwana yau a Kwatano, gobe a Parakou, jibi a layin motocin Malanbil.

Marilyn Carroll da Richard Meisch a Jami'ar Minnesota sun nuna tun ƙarshen shekarun 1970 cewa ɓeran da aka rage wa abinci yana ƙara shan ƙwaya. Yavin Shaham da Jane Stewart a 1995 suka nuna ɓeran da ya riga ya daina neman hiroyin yana komawa danna maɓalli idan aka tsananta masa, daga baya kuma aka ga yunwar kwana ɗaya ma tana yin haka. Ta ɗaya ɓangaren, Bruce Alexander a Jami'ar Simon Fraser ya samu a ƙarshen shekarun 1970 cewa ɓerayen da ke zaune cikin jama'a a fili mai faɗi ba su shan ruwan mofin kamar waɗanda aka kulle su kaɗai. An yi ta muhawara a kan aikinsa domin ba duk wanda ya maimaita ne ya samu abin da ya samu ba. Amma a 2018 Marco Venniro da Shaham suka ba ɓerayen da suka kamu maɓalli biyu, ɗaya na ƙwaya, ɗaya mai buɗe ƙofa zuwa ga wani ɓera. Kusan kullum ɗan'uwansu suke zaɓa, sai idan an jinkirta buɗe ƙofar ko an haɗa ta da horo. Mutum ba ɓera ba ne, rayuwarsa ta fi haka sarƙaƙiya. Duk da haka ina ganin wanda ke ɗaure mai shan ƙwaya da mari a ɗaki shi kaɗai, da yunwa da duka, ya haɗa masa duk abubuwan da gwaji ya nuna suna mayar da dabba ga ƙwaya.

Akwai kuma dabbobin da ake ba tiramol a wajen ɗakin gwaji. A 2013 wasu masana daga Faransa da Kamaru suka sanar da cewa sun samu tiramadol a saiwar tafashiya, suka ɗauka itaciyar ce ke samar da ita. A 2014 Souvik Kusari da Michael Spiteller na Dortmund suka bi sawu, suka tarar manoma a arewacin Kamaru suna sha suna kuma ba shanun huɗa don kada su gaji, fitsari da kashin shanun ne ke shiga ƙasa saiwa ta tsotsa. Har a ruwa sun same ta.

Gwajin da ya rage a yi

Ɓeran da aka fi yin waɗannan gwaje-gwaje da shi yana zaune ne a ɗaki mai sanyin digiri 20 zuwa 24, da abinci a gabansa, da sa'a 12 na haske da 12 na duhu, ana ba shi magani tsantsa da aka auna. A Malanbil zafin Afrilu yana haura digiri 40, mai sha yana aikin ƙarfi da ƙarancin ruwa a jiki da gajeren barci, yana haɗawa da kofi ko lemon ƙara kuzari, abin da ke cikin ƙwayar kuma ba lallai ya zama abin da aka rubuta a kwali ba. Kasuwar ma ta riga ta matsa gaba. Bayan Indiya ta tsananta doka, binciken BBC na Fabrairu 2025 ya nuna ana shigo da ƙwayoyi irin su Tafrodol zuwa Nijeriya da Gana da Kwaddibuwa, haɗin tafentadol da karisofurodol wanda babu ƙasar da ta amince da shi. Tafentadol ba ta jiran hanta, kai tsaye take kama makarɓar miyu, abokin haɗin nata kuma yana ƙara danne numfashi.

Ban kawo wannan don a hana marasa lafiya magani ba. Hukumar masana ta mujallar Lancet ta bayyana a 2017 cewa rabin mutanen duniya mafiya talauci ba su samun ko kashi ɗaya cikin ɗari na mofin da ake rarrabawa, kuma a asibitocinmu da yawa tiramol ce kaɗai abin da ake iya ba wanda ya karye ko mai ciwon daji ko mai sikila. Dokar da za ta kore ta daga kantin magani ta bar ta a teburin kasuwa zalunci ce.

Roƙona ga sassan haɗa magunguna da nazarin jiki na jami'o'in Parakou da Abomey-Calavi, da Abdou Moumouni a Yamai, da Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, da Ahmadu Bello a Zariya, da Bayero a Kano shi ne su haɗa hannu da hukumomin da ke kama ƙwayoyin nan, su karɓi samfuri daga abin da aka kama a kan wannan hanya, su fara auna abin da ke ciki. Sannan a ba ɓera ta baki, a haɗa da kafeyin, a gwada cikin zafi da motsa jiki da ragin abinci, a auna jijjiga da numfashi da komawa ga ƙwaya, da dabbobi kaɗan gwargwadon buƙata kuma ba tare da azabtar da su a banza ba, kamar yadda addini da ƙa'idar bincike suka wajabta. A kuma rubuta sakamakon da Hausa da Dandanci da Zabarmanci, a kai wa shugabannin 'yan dako da na 'yan kabu-kabu da ma'aikatan asibitocin Malanbil da Gaya da Kamba.